Waiwaye: Maharban da Ke Ƙirga Kafin Su Harba

Idan watan Satumba ya kama a arewacin Suwidin, ƙauyuka kan yi wayam da maza, har da mata da dama. Makanike ya rufe gareji, ma'aikaci ya ɗauki hutunsa na shekara, wanda ya yi ƙaura zuwa Stockholm tun tuni ya kamo hanyar gida da bindiga a bayan mota. Dabba ɗaya ce ke tara su, wato mus, babbar barewar nan ta ƙasashen sanyi. Doguwar ƙafa gare ta, da tozo a kafaɗa, da dogon hanci mai lanƙwasowa kan leɓe. Namijin yana da ƙaho mai faɗi da rassa, wanda yake zubarwa kowane hunturu ya sake tsiro da sabo. Tsayinsa a kafaɗa kan kusa mita 2, ƙasaitaccen sa kuwa kan kai kilo 500. A ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da ɗoriya ba, sama da mutum 250,000 ne ke yankar katin farauta kowace shekara, kuma mafi yawansu saboda wannan dabba suke yankarsa.

Na san wannan farauta ne lokacin da nake karatun gandun daji a garin Umeå. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin katako, shi ya shigar da ni ƙungiyarsu can cikin lardin Västerbotten, a gefen kogin Vindel. Ban riƙe bindiga ba, don ba ni da lasisi. Aikina shi ne zama kusa da shi, da hura wuta, da jan nama. Shekaru sun ja, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan lokutan da na ga dabba ta ba da kai sarai, maharbi ya ɗaga bindiga, ya auna, sa'an nan ya sauke bai taɓa kunama ba.

Wannan hali ba da shi aka haife su ba, hasara ce ta koya musu. Tun shekaru dubbai mutanen wannan yanki ke cin naman mus. A Nämforsen, bakin kogin Ångerman, akwai zane-zane sama da 2,000 da mutanen da suka sassaƙa a jikin duwatsu, kuma siffar mus ta fi ta kowace dabba yawa. Ramukan tarko da suka haƙa jere-jere a hanyar da dabbar ke bi har yau ana ganinsu a daji, ba a ma haramta amfani da irinsu ba sai a 1864. Tun kafin nan kuwa, farautar manyan dabbobi a sassa da yawa na ƙasar ta zama ta sarki da masu sarauta, talaka sai kallo. A 1789 Sarki Gustav na Uku, yana neman goyon bayan manoma a rikicinsa da manyan fada, ya ba duk manomin da ya mallaki ƙasa izinin farauta a cikin ƙasarsa. Adalci ne, babu ko tantama. Sai dai an buɗe ƙofa ba a sa mata mari ba. Kowa ya san in ya bar dabba yau maƙwabcinsa ne zai kashe ta gobe, don haka babu mai bari. Aka dinga bin su a kan ƙanƙara mai zurfi inda ba sa iya gudu, ana kashe masu ciki da masu goyo. Kafin shekara 20 ta cika mus ta kusa ƙarewa a yawancin ƙasar. Dole aka hana harbinta na shekara 10 daga 1808, aka sake hanawa na wasu shekaru 10 daga tsakiyar shekarun 1820. A cikin wannan ƙunci ne maharba suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1830, kuma babban abin da ya haɗa su shi ne ceto namun dajin da ke neman ɓacewa. A 1938 aka yi dokar farauta wadda ta ɗora wa wannan ƙungiya wani kaso na aikin kula da namun daji a madadin gwamnati.

Daga nan dabbar ta farfaɗo, har ta wuce tsammani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin katako suka koma sare daji fili guda su dasa sabo, ƙananan itatuwa suka tsiro ko'ina daidai bakin mus. Manoma sun daina sakin shanu a daji, kyarkeci kuma an riga an ƙarar da shi. Maharba kuwa suka koyi barin shanun mus masu haihuwa, suna rage maruƙa da maza. Abinci ya wadata, uwaye suka yi yawa. A 1982 an harbe mus kusan 175,000 a kaka ɗaya, adadin da ba a taɓa kai wa ba, ba a kuma sake kai wa ba.

To, yadda ranar farauta take ke nan. Tun da sauran duhu ake haɗuwa a bakin wata bukkar katako, kowa da jar hula ko ƙyalle mai ruwan lemo a ka, don kada ɗan'uwa ya ɗauke shi dabba. Doka ta wajabta kowace ƙungiya ta sami shugaban farauta, kuma in yana magana ba mai tari. Shi zai faɗi abin da hukumar lardi ta ware musu a bana: manya kaza, maruƙa kaza, an riga an sami kaza, saura kaza. Zai faɗi inda aka hana juya bakin bindiga, saboda akwai mutum ko hanya a can. Sai a jefa ƙuri'a a kan wuraren tsaro, yadda attajiri da leburansa kowa inda rabonsa ya kai shi nan zai zauna. Kowa ya kama wurinsa da rediyon oba-oba a ƙirji, ba ya kuma motsawa sai an ce a tashi. Mutum ɗaya ko biyu ne ke shiga tsakiyar daji da kare. Karensu na wannan aiki, wanda ake kira Jämthund, toka-toka ne mai miƙaƙƙen kunne. Ba ya cizon dabba, ba ya kuma korar ta da gangan. In ya same ta sai ya tsaya gabanta yana haushi ba ƙaƙƙautawa, ya ɗauke mata hankali, mai shi kuma ya lallaɓo ta ƙarƙashin iska. Mus ba ta da kaifin ido, amma hancinta da kunnenta ba a yi musu wayo.

Wata safiya muna zaune a gefen wata fadama, sanyi ya kama mini yatsu har ba na jin su, sai muka ji ƙarar karyewar reshe. Dattijon ya dafa mini gwiwa. Can sai ga saniyar mus ta fito daga cikin itatuwa, numfashinta na tashi fari, ta tsaya ta ba mu gefe, tazarar ba ta fi taku 60 ba. A bayanta akwai maraƙi, amma jikinta ya kare shi, ƙafafunsa kaɗai muke gani ta ƙarƙashin cikinta. Dattijon ya kafa bindiga a kafaɗa. Na ga yatsansa a miƙe a gefen ƙarfe, bai shiga wurin kunama ba. Saniyar ta juya kunne ɗaya wajenmu, ta juya ɗayan, sa'an nan ta taka a hankali, maraƙin na manne da ita ta wancan gefe, har suka shige. Ya sauke bindiga, ya danna rediyo ya ce saniya da maraƙi sun wuce ta gabas. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta. Na ce masa, "Baba, ai akwai babba ɗaya da ya rage muku." Ya ce, "Akwai. Amma ita da ɗa take tafe, ɗan kuma ban gan shi sosai ba. In na kashe uwar, wa zai fitar da shi hunturu?"

Ƙa'idarsu ke nan, kuma ko yaro ya san ta: in saniya na tare da maraƙi, maraƙin ake fara harbi, ba uwar ba. Mai karatu zai iya jin abin ya yi masa tsauri, a ce ɗan ake kashewa a bar babba. Amma dalilin a fili yake. Ana haihuwar maruƙa a watan Mayu ko farkon Yuni, bayan ciki na kusan wata 8, kuma maraƙin da ya rasa uwa a kaka da wuya ya ƙetare ƙanƙara da ƙoshin lafiya. Saniyar da ta riga ta nuna tana haihuwa kuwa, badi ma za ta haihu, sau da yawa tagwaye. Wanda ya ci maraƙi ya ci ribar shekara, wanda ya ci uwa ya taɓa uwar kuɗi.

Harbin kansa ba a barinsa ga sa'a ko kirari. Tun 1985 ba a ba mutum lasisin bindigar farauta sai ya ci jarrabawar maharba, ta takarda da ta harbi. Kafin kowace kaka kuma ƙungiyoyi da yawa ba sa yarda mutum ya fita da su sai ya je filin gwaji, inda ake jan hoton mus a kan dogo daga nisan mita 80, ya harbe shi a tsaye ya harbe shi a guje. Na ga tsofaffin da suka yi shekara 40 suna farauta sun bi layi tare da matasa, ba wanda ya ga an rage masa girma. Doka ta kuma ƙayyade ƙarfin harsashin da za a harbi mus da shi, don kada a raunata ta da abin da ba zai kashe ta ba. Shawarar da ake maimaita wa sabon shiga guda ce: ka nemi huhu, dab da bayan allon kafaɗa, dabbar na tsaye ta ba ka gefe. Kada ka nemi kai ko wuya don a ce kai gwani ne, wurin ƙarami ne, in ka kauce da ɗan yatsa ka fasa mata muƙamuƙi ta tafi ta mutu da yunwa. Kada ka harba in ba ka ga abin da zai tare harsashi a bayanta ba. In kuma zuciyarka ta raba biyu, to ka bari.

Duk da haka ana yin kuskure, kuma a nan ne na fi ganin nauyin da suka ɗora wa kansu. Wata rana da la'asar wani matashi ya harbi sa, san bai faɗi ba, ya ruga cikin kurmi. Nan take shugaban farauta ya tsayar da kowa. Aka ɗaura ƙyalle a inda matashin ya tsaya da inda dabbar take, aka durƙusa ana duban gashi da jini, don launin jini da kumfarsa kan nuna inda harsashi ya shiga. Ba a bi shi nan da nan ba. Aka jira kamar awa guda, saboda dabbar da ta ji rauni in ba a matsa mata ba takan kwanta kusa, in kuwa aka taso ta sai ta yi nisan da ba a zato. Doka ta ce dole a sami karen bin sawu da zai iya isa wurin cikin awa 2 da harbi, nasu kuwa yana cikin mota. Aka bi har duhu ya hana, aka koma gida ba mai raha. Da asuba ƙungiyar duka ta dawo, ba wanda ya je wurin tsaro, ba wanda ya yi maganar sabuwar farauta. Wajen hantsi karen ya kai su inda san yake kwance a bakin wani rafi, aka ƙarasa shi. Ba wanda ya zagi matashin, shi ma bai nemi uzuri ba. Shi ya fi kowa jan igiya. Na tuna cewa Risalar da muka karanta a zaure ta karhanta farauta don wasa kawai, ta halatta wadda ba ta wasa ba. Mutanen nan ba su taɓa jin sunan littafin ba, amma ranar nan ban ga wasa a fuskar kowa ba.

Da dabba ta faɗi, aiki ya fara. A nan take ake farke ciki a fitar da kayan ciki, don gawa mai girma haka in ta riƙe zafinta nama kan lalace cikin 'yan awoyi. Sai a ja ta da ƙaramar mota mai ƙafa huɗu, inda mota ba ta shiga kuwa da ƙarfin mutane, ana nutsewa a taɓo har gwiwa. A rumfar fiɗa ake rataye ta a feɗe. Suna da lissafin kwanakin da nama zai yi a rataye don ya yi laushi: a ninka yawan kwana da ma'aunin zafi su ba da 40, wato kwana 10 in sanyin wurin digiri 4 ne, kwana 5 in digiri 8 ne. Ranar rabo kuwa watanda ce sak irin ta jajibirin salla. A yanka, a auna, a kasa kashi-kashi daidai yawan mutane, mutum ɗaya ya juya baya, a nuna kashi a tambaye shi na wane ne, ya faɗi suna. Wanda ya harba ƙaho kaɗai ya fi saura da shi. Wanda ya kwashe mako yana kallon fadama bai ga ko wutsiya ba, kashinsa daidai yake da na gwani. Wannan rabo shi ke sa mutum ya iya sauke bindiga da sanyin zuciya, don ya san barin da ya yi ba zai bar gidansa ba nama ba.

Ɗan littafin nan na aljihun dattijo kuwa, shi ne ƙashin bayan komai. A kwana 7 na farkon farauta kowane maharbi yana rubuta duk mus ɗin da ya gani, sa ne ko saniya, da maraƙi ɗaya ko biyu ko babu, da kuma awoyin da ya yi yana tsaro. Tun tsakiyar shekarun 1980 ake tattara wannan a faɗin ƙasar. Duk dabbar da aka kashe sai an kai rahotonta ga hukumar lardi cikin mako 2, a kuma biya kuɗinta. Ana auna nauyin maruƙa, don in sun fara ramewa alama ce abinci ya yi ƙaranci. Ana cire muƙamuƙi a duba haƙora a san shekaru. Da bazara, in ƙanƙara ta narke, wasu kan bi daji suna ƙirga tarin kashin dabbar a wuraren da aka auna. Ba jami'in gwamnati ne ke wannan wahala ba, maharban ne da kansu, kyauta. Daga waɗannan alƙaluma ake tsara rabon badi.

Ba na iya tuna wannan ban tuna farautar gida ba. Muna yara, in an gama girbi, gayyar farauta kan fita da karnuka da kulake, a cinna wa daji wuta, duk abin da ya fito a bi shi, mai ciki da mai goyo ba tambaya. Kakanninmu suna ba da labarin gwanki da kanki da ɓauna a dazukan da mu zomo da gafiya muka tarar, na bayanmu kuma ko zomon sai an sha tafiya. Sau nawa aka dawo da rotse saboda gardamar wa ya fara jifa? Halin da manomin Suwidin ya shiga bayan 1789 shi ne namu a yau: daji na kowa, dabba ta wanda ya riga, bari kuma wauta. Ban ce maharbinmu ya fi nasu rashin imani ba. Shi sau da yawa cefanen gidansa yake nema, su kuwa firjinsu cike yake ko sun samu ko ba su samu ba. Su kowane yanki na daji da mai shi a rubuce, mu kuwa noma ya cinye wani, rashin tsaro ya hana shiga wani. Amma kuma muna da abin da za a ɗora gini a kai. Muna da sarkin baka da sarkin dawa da ake jin maganarsu, muna da ƙungiyoyin maharba masu rajista da shugabanni, akwai tsofaffin da suka san watan da kowace dabba ke haihuwa. Abin da babu shi ne lissafi, da yarjejeniyar da za ta tabbatar wa mai bari cewa na ƙauyen gaba ma zai bari. Dabbobinmu kuwa suna dawowa in an ɗaga musu ƙafa. Raƙuman dawan yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, da aka tsare su tare da mutanen ƙauyukan wurin sai da suka haura 600. Ina ganin littafin makaranta guda a hannun kowane sarkin baka, ana rubuta abin da aka gani da abin da aka kashe, da watannin da aka yarda ba a fita, ya fi wata dokar da za a rubuta a Abuja ba mai karantawa.

Su ma can Suwidin ba a gama ba. Mus na cin ƙananan itatuwan katako da hunturu, ta karya kan itacen da aka dasa don a sare shi bayan shekara 80, masu gandun daji kuma suna ganin hasararsu ƙiri-ƙiri. Motoci na karo da ita dubbai a kowace shekara, kuma saboda tsawon ƙafarta jikinta kan faɗo ne a kan gilashin gaba, ana rasa rayuka. Kyarkeci ya dawo tsakiyar ƙasar tun shekarun 1980, yana cin nasa rabon. Don haka tun 2012 aka raba ƙasar yanki-yanki, kowane yanki da kwamitin da masu ƙasa da maharba ke zama tare su tsara yawan da za a harba, in ƙuri'a ta yi kunnen doki kuma ɓangaren masu ƙasa ne ke da ta raba gardama. Shekara da shekaru aka yi ta matsa lamba a rage dabbar, ta kuwa ragu. Tun daga 2022 abin da ake harbewa a shekara bai kai 70,000 ba. A wurare da dama maharba sun ce sun daina ganin maruƙa kamar da, kuma ƙungiyoyi da yawa sun ƙi cika rabon da hukuma ta ba su, wasu suka ce ba za su taɓa saniya ba sam sai garke ya farfaɗo. Masu katako na cewa ɓarna ba ta sauka yadda ake so ba, suna kawo sakamakon awon itatuwan da aka ci. Maharba na kawo nasu alƙaluman na kwana 7. Gardamar tana da zafi, wani lokaci har maƙwabta kan daina gaisawa, kuma kowace bazara kwamitin kan sake zama a kanta.